Daga Garwa Zuwa Jarka: Tarihin Man Fetur a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ce: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Babu rijiyar mai ko ɗaya a cikinsu, babu matata, kuma bututun mai bai taɓa ratsa ƙasarsu ba. Duk da haka da wuya a sami yankin da shawarar gwamnati kan man fetur take saurin taɓawa kamar wannan. In aka ƙara kuɗin lita a Abuja, kafin Alhamis ta zagayo an ji shi a kuɗin motar shanu a kasuwar Maigatari. In aka rufe iyaka, gidajen man yankin ne farkon shan kwaɗo. Dalilin a fili yake: ƙasa ce da ta zauna a ƙarshen hanyar man Najeriya, a bakin ƙofar Nijar. Wanda ya bi tarihin yadda mai yake isowa nan da yadda yake ficewa, zai gane manufofin Najeriya na shekara hamsin fiye da wanda ya karanta su a takarda.

Zamanin garwa

Maganar mai a nan ba ta yiwuwa sai an fara da maganar iyaka. Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen 1750. Ta daɗe tana bin Borno, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ci ta ba. Tsohon mazaunin sarautar, Tumbi, yau yana cikin Jamhuriyar Nijar. Da Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, sai suka turo masu awon ƙasa suka bi daji suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin da suka ja ya bar wa a hannun Faransa, ƙane a hannun Ingila. Mutane suka ci gaba da auratayya da cin kasuwa ɗaya, amma kuɗi ya zama iri biyu, doka ta zama iri biyu. A kan wannan bambanci duk labarin da ke tafe ya ginu.

A wancan zamani fitilar aci-balbal ce hasken dare, da man gyaɗa da lagwanin auduga. Man ƙasa ya fara shigowa ne a matsayin kananzir. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Kano zuwa Nguru kuma ya kammala a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Don kwasar gyaɗa da fatu aka shimfiɗa shi, amma taragon da ya tafi da gyaɗa ba ya dawowa wayam. Yana dawowa da gishiri da atamfa da sabulu da kananzir. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt ke sayar da kananzirin a kantunansu, cikin garwa mai cin galan huɗu. 'Yan koli su saya su ɗora wa jaki, su bi kasuwannin ƙauye suna aunawa da kwalba. In mai ya ƙare ba a yar da garwar. A yanke bakinta, a gitta itace a buga ƙusa, ta zama ta ɗiban ruwa. Wata kuma a fasa ta a daddale, a yi ƙyauren ɗaki da ita.

Kamfanin Shell-BP ya sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da ɗanyensa a 1958, amma har aka karɓi mulkin kai a 1960 duk tataccen man da ake ƙonawa a Najeriya daga waje yake zuwa. Sai a 1965 aka buɗe matatar farko a Fatakwal. A lokacin, iya nisanka da bakin teku iya tsadar manka. Mutumin Gumel, da yake yana cikin mafiya nisa, yana cikin mafiya biya.

Farashi ɗaya ga ƙasa duka

Bayan yaƙin basasa abubuwa suka sauya da sauri. A 1971 Najeriya ta shiga ƙungiyar OPEC, ta kuma kafa kamfanin manta na farko. A 1973 yaƙin Larabawa da Isra'ila ya sa farashin ɗanyen mai ya ninka har sau huɗu a kasuwar duniya, kuɗi suka kwararo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon. A wannan shekarar gwamnati ta yanke cewa lita za ta zama kuɗi ɗaya ko'ina a ƙasar, ko a Legas ko a Maigatari.

Dokar ta zo da matsalarta. Dillalin da zai sayar a Legas ya sami ribarsa nan take, me zai kai shi Gumel ya biya kuɗin dako na kilomita sama da dubu a farashi ɗaya? Mai ya yi ta yankewa a garuruwa masu nisa. Shi ya sa a 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda aka fi sani da PEF. Aikinsa shi ne ya karɓi wani ɗan kaso daga masu sayarwa kusa da defo, ya biya masu kai mai nesa kuɗin dakonsu. Lita tana kwabo 9 a 1976, ta koma kwabo 15 da ɗoriya a 1978, ta kai kwabo 20 a 1982.

Wannan tsari alheri ne ga ƙasar Gumel, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Ya zo daidai lokacin da yankin yake cikin wuya. Farin 1972 zuwa 1974 ya karkashe dabbobi, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 kuma ta karya noman da ya riƙe jama'a shekara da shekaru. Gyaɗa tana faɗuwa, mai yana tashi. Man mai araha ne ya sa injin niƙa ya shiga ƙauyuka ya hutar da mata daga dutsen niƙa, ya sa babur da a-kori-kura suka haɗa ƙauye da kasuwa, ya sa tirela ta maye gurbin korar shanu a ƙasa zuwa Kudu. Sai dai a wannan lokacin ne kuma aka fara sakin layin dogo, aka jingina komai a kan kwalta da taya. Kuɗin wannan sakaci daga baya aka biya shi.

Bututun da ya tsaya a Hotoro

A 1977 aka kafa NNPC. Matatar Warri ta fara aiki a 1978, ta Kaduna kuma, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, a 1980. Da aka ƙara ta biyu a Fatakwal a 1989, matatun huɗu a haɗe suna iya tace ganga 445,000 a rana, Kaduna ita kaɗai 110,000.

Don Arewa aka gina matatar Kaduna, kuma tsarin ya yi kyau a takarda. Bututu zai ɗauko ɗanyen mai daga Escravos, ya bi ta Warri, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Kaduna. In an tace, wani bututun ya kai shi Zariya, daga nan reshe ɗaya ya nufi Kano, ɗaya Gusau. Wani layin kuma ya bi Jos da Gombe har Maiduguri. Bututun ƙasar baki ɗaya ya haura kilomita 5,000, da defo sama da 20. Defon Kano yana Hotoro, kuma nan ne bututu ya tsaya. Daga Hotoro tanka ce za ta ƙarasa da mai Gumel da Haɗeja da Nguru, tafiyar 'yan sa'o'i.

Raunin tsarin shi ne tsawonsa. In aka fasa bututu a fadamun Neja Delta, ko injin tura mai ya tsaya a hanya, ko matata ta lalace, to Hotoro ta bushe. Daga shekarun 1990 duka ukun suka riƙa faruwa tare. Ba a yi wa matatun gyaran garambawul a kan lokaci ba. Ɓarayi suka koyi huda bututu. A watan Oktoban 1998 wuta ta tashi a wani fasasshen bututu a Jesse ta jihar Delta, ta kashe mutum sama da dubu. Zamanin Janar Sani Abacha kuwa duk wanda ya yi wayo a lokacin yana tuna layin mai na kwana da kwanaki.

Da bututu ya daina abin dogaro, sai tanka ta ɗauki aikin gaba ɗaya. Direba ya yi lodi a Apapa ko Warri ko Fatakwal, ya yi kwanaki a hanya da lita dubu talatin da uku ko arba'in da biyar a bayansa. Kuɗin dakon nesa da PEF ke biya, wanda aka tanada don lokacin lalura, ya zama abin kullum. Tituna suka farfashe. Ƙasar da ke haƙo mai ta koma sayo tatacce daga Turai. Matatar Kaduna ta yi ta tafiyar hawainiya har ta tsaya. Bayanan kuɗin da NNPC ya wallafa sun nuna ba ta samar da kuɗin shiga ko kwabo ba a 2018. A 2023 aka ba kamfanin Daewoo kwangilar gyara ta a kan dala miliyan 740 da 'yan kai. Ga mai babur a Sule Tankarkar, abin da wannan duka yake nufi a wancan zamani shi ne: farashin gwamnati yana rediyo, farashin gaskiya yana teburin ɗan bumburutu.

Jarka ta sami kasuwa

A tsallaken iyaka labarin daban ne. Nijar ba ta da matata a lokacin. Ta tashoshin Kwatano da Lome take shigo da mai, ta biya dakon hanya mai tsawo, ta ɗora haraji. Mai a Damagaram ya fi na Gumel tsada tun asali.

Gwamnatoci sun daɗe suna ganin rufe iyaka ne magani. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Amma abin da ya buɗe wa jarka kasuwa da gaske shi ne tsarin SAP na Janar Ibrahim Babangida a 1986. Naira ta fara faɗuwa, sefa kuma tana ɗaure da kuɗin Faransa. Gwamnati ta yi ta ƙara kuɗin lita, daga kwabo 39 da rabi a 1986 zuwa kwabo 70 a 1991 zuwa naira 11 a 1994, amma faɗuwar naira ta riƙa cinye ƙarin. Ko da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, giɓin bai rufe ba. In aka juya kuɗin zuwa sefa, man Najeriya kusan kyauta yake. Mai kuwa kamar ruwa ne, gangare yake bi, kuma gangarensa shi ne inda ya fi tsada.

Sana'a biyu ta fito daga nan. Ta farko bumburutu: tebur a bakin titi ƙarƙashin darbejiya, an jera kwalabe da galan-galan rana tana haska jan man da ke ciki, ga mazurari an ɗaura masa tsumma don tace datti. Mai babur ya tsaya ya ce a zuba masa kwalba ɗaya, ba ya ko sauka. A ƙauyen da ba gidan mai, wannan tebur shi ne gidan mai. Ta biyu fasa-ƙwauri: yaro ya ɗaure jarkoki masu cin lita ashirin da biyar a gefe da gefen babur da bayansa har ba a ganin sirdi, ya kashe fitila, ya bi burtali cikin rairayi da dare. Wasu suna ƙara wa tsofaffin motoci tanki na biyu. Sana'ar ta ciyar da gidaje, wannan ba a musu. Ta kuma cire yara daga makaranta da gona, ta ƙona wasu da ransu, ta koya wa jama'a da ma'aikata cin hanci a shingaye.

Sai dai tarihi ya nuna babbar ɓarakar ba a kan babur take ba. Ranar 1 ga Janairun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗauki zanga-zanga har aka sauko da ita 97. Binciken da majalisar wakilai ta yi bayan nan ya gano an kashe sama da naira tiriliyan biyu da rabi a tallafin 2011, alhali biliyan 245 aka ware a kasafi, kuma an biya wasu kamfanoni kuɗin man da ba su shigo da shi ba. A 2022 shugaban kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali, ya tsaya gaban kwamitin majalisa yana tambayar yadda za a ce ƙasa tana shan lita miliyan 60 a rana amma a riƙa fitar da miliyan 98 daga defo, da kuma hanyar da ɗaruruwan tankokin da za su kwashe ragowar suke bi. Jarkokin Maigatari duka ba za su ɗauke wannan adadi ba. A ofis da alƙalami aka yi babbar satar, mutanen iyaka kuma suka ɗauki sunan.

Matata ta buɗe a Damagaram

A 2008 gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan rijiyoyin Agadem da ke gabashin Nijar. Sinawa suka haƙa rijiyoyi, suka ja bututu na kilomita sama da 460, suka gina matata a arewacin birnin Damagaram a kan hanyar Tanut. Ranar 28 ga Nuwamban 2011 Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe ta. Sunanta SORAZ, tana tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na CNPC, kashi 40 na gwamnatin Nijar. A lokacin buƙatar Nijar ba ta kai rabin wannan ba, don haka ragowar, musamman man dizal, ya riƙa shigowa Najeriya da sauran maƙwabta.

Wannan babban sauyi ne ga ƙasar Gumel. Daga Maigatari, Damagaram ta fi Kaduna kusa nesa ba kusa ba, balle Legas. A karon farko matata mai aiki mafi kusa da mutanen Gumel tana arewa da su.

An yi yunƙurin gina wani abu a kan wannan kusanci. A watan Yulin 2018, a Abuja, gaban Shugaba Buhari da Shugaba Issoufou, ministocin mai Ibe Kachikwu da Foumakoye Gado suka sa hannu kan shirin jawo ɗanyen man Agadem ta bututu zuwa sabuwar matata a jihar Katsina. A watan Nuwamban 2020 aka sake sa hannu kan wata takardar, ta sayen tataccen man SORAZ. Matatar Katsina ba ta tashi ba. Nijar da CNPC suna son hanyar teku inda za a sayar da dala, sai suka juya wajen Jamhuriyar Benin. A watan Satumban 2019 aka fara shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar Seme, mai ɗaukar ganga 90,000 a rana. Jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024, cikin rikici tsakanin Yamai da Kwatano, wata guda bayan nan kuma 'yan tawaye suka fasa wani sashe na bututun. Ɗanyen man da ke ƙofar Arewacin Najeriya ya zagaye ta, ya tafi teku.

Kilomita ashirin

A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta sake rufe iyakokin ƙasa, da sunan hana shigo da shinkafa da fitar da mai. A watan Nuwamba hukumar kwastan ta ƙara da umarnin da ya fi kowanne taɓa wannan yanki: kada a sauke mai a kowane gidan mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Garin Maigatari a bakin iyakar yake, haka ƙauyuka da yawa na arewacin masarautar. Gidajen mai masu lasisi, waɗanda suka biya haraji suka ɗauki ma'aikata, aka wayi gari an hana su kaya. Mai injin niƙa, mai janareta, mai cajin waya, direban da zai kai mai naƙuda asibiti, kowa sai ya nemi mai daga nesa, in ya ɗauko a jarka kuma ya shiga zargin fasa-ƙwauri a shinge. Wanda dokar ta yi wa daɗi shi ne ɗan bumburutu, domin ya zama shi kaɗai ke da kaya. An hukunta gari guda saboda laifin wasu, kuma ɗan ƙasa ya biya kuɗi fiye da sauran 'yan ƙasa don kawai an haife shi kusa da layin da Turawa suka ja. Ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe iyakoki huɗu: Seme, Illela, Mfum da Maigatari. Shigar Maigatari cikin huɗun farko shaida ce ta matsayinta a cinikin ƙasashen biyu.

Bayan tallafi

Dokar masana'antar mai da aka sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta mai da NNPC kamfanin kasuwanci, ta narkar da PEF cikin sabuwar hukumar NMDPRA, ta kuma tanadi sakar wa kasuwa farashi. Tallafi ya ci sama da naira tiriliyan huɗu a 2022. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwarsa, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Da tallafin ya tafi, farashi ɗaya na 1973 ya bi shi. Aka koma gidan jiya: mai nisa da teku shi ne mai biya da yawa.

Wata biyu bayan nan, ranar 26 ga Yuli, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum. ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take ba Nijar. Kasuwar Maigatari, wadda raƙuma da shanu da tumakin Nijar ke cika ta duk Alhamis, ta haɗu da masifa biyu lokaci ɗaya: dabbobi ba sa shigowa yadda aka saba, kuɗin mota kuma ya ninka. Sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Manomin riɗi da zoɓorodo ya ga kuɗin kai buhu kasuwa yana cin ribarsa, mai noman rani ya ga injin ban-ruwa yana shan abin da gonar za ta bayar.

Abin da sojoji da kwastan suka kasa cikin shekara arba'in, farashi ya yi shi cikin watanni. Da man Najeriya ya yi tsada, ribar tsallakar da shi ta ragu ƙwarai. Tasirin ya bayyana a Nijar a watan Maris na 2025, lokacin da layin mai ya cika Yamai da sauran birane. Jami'an SONIDEP, kamfanin man gwamnatin Nijar, da bakinsu suka ce man fasa-ƙwauri daga Najeriya ne yake riƙe da babban kaso na kasuwarsu, da ya janye kuma SORAZ ta kasa cike gurbin. Ƙarshe Nijar ta nemi Najeriya ta taimaka mata da tankokin mai ta hanyar hukuma.

A cikin wannan tsada ne aka yi babban rashin da Jigawa ba za ta manta ba. Daren Talata 15 ga Oktoban 2024, lokacin da lita ta haura naira dubu, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malala cikin kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar mutum sama da ɗari a kabari ɗaya, wasu suka cika a asibitoci daga baya. Kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya ce rayuka 209 aka rasa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Bayan wata irin wannan gobara a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a watan Janairun 2025, NMDPRA ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa titi. Majiya sakamakon abu biyu ce da wannan tarihi ya bi diddiginsu: mai da ya koma kan titi saboda bututu da dogo sun mutu, da talaucin da ya sa man da ya zube ya zama dukiya a idon mutane.

Bututun da ake jira

Yau ma akwai alkawura. Ranar 30 ga Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, a kan dala biliyan 2.8, kuma an sha ɗaga ranar gama shi. Ana fatan wata rana ya zarce ta Nijar zuwa Aljeriya har gas ya isa Turai, tafiyar kilomita sama da 4,000, shirin da ƙasashen uku suka sa wa hannu a Abuja tun 2009. A watan Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Matatar Ɗangote mai ganga 650,000 ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, ta rage dogaro da na waje, amma tana Legas, kuma tanka ce har yanzu take kawo shi Arewa.

Ko an gama bututun gas gobe, a Kano zai tsaya, kamar yadda na fetur ya tsaya a Hotoro. Saboda haka bai kamata mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su zauna jiran bututu ba. Abin da za su nema a wajen wakilansu yana kusa, kuma mai yiwuwa ne. A mai da cinikin mai tsakanin Najeriya da Nijar halastacce ta ƙofar Maigatari, da takarda da haraji, a yi amfani da yankin ciniki na kan iyaka da aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, domin wanda ya sami hanyar halas ba ya bin burtali da dare. A raya layin dogon Kano zuwa Nguru, mai da hatsi su koma tarago, tashar Gagarawa ta dawo da aikinta. Kuɗin da jihohi da ƙananan hukumomi suka ƙaru da shi bayan cire tallafi a faɗa wa jama'a nawa ne, a sa wani kaso a famfunan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse da asibitoci masu aiki da hasken rana, wanda Allah Ya wadata yankin da shi. Kuma duk ranar da wata gwamnati za ta sake yin doka a kan iyaka, a fara jin ta bakin masu kwana a iyakar.

Mu kuma namu aikin yana wuyanmu. Malamai a masallatai, masu unguwanni, iyaye da malaman makaranta, a yi ta faɗa wa yara har ya zauna musu: in tanka ta faɗi, a guje ta, kada a nufe ta. Babu litar man da ta kai ran ɗan Adam.